Ina zan samu mai koya wa ɗana ayyukan yau da kullum a Damagaram?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni uwa ce a unguwar Birni, kuma al'amarin ɗana ya sha mini kai. Shekararsa 6, maganarsa ba ta wuce kalma goma ba. Da an tayar da injin niƙa na maƙwabta sai ya toshe kunnuwa, ya shige bayan randa yana kaɗa jiki. Cokali ba ya zama a hannunsa, maɓallin riga kuwa sai na sa masa. Abinci in ba farar shinkafa ba, ko taɓawa ba ya yi. Bana muka kai shi lakkol, sati 3 mushe, wato malaminsu, ya ce mu dawo da shi gida.

Likita ya ce alamun otizim ne (lalurar da ke shafar maganar yaro da mu'amalarsa da mutane), ba iska ba, duk da surukata har gobe rubutu take kawowa. Ya ce mu nemi mai ergoterapi, wato wanda ke bi ta hanyar wasa ya koya wa yaro cin abinci da sa tufafi da riƙe alli, ya kuma saba masa da ƙara sannu a hankali. Wanda na samu mai gashin ƙashi ne, shi kuwa yaron ƙafarsa lafiya lau.

Yamai kusan kilomita 900 ce, babansa tela ne, ba mu da halin zarya. Akwai wanda ya san mai wannan aiki a nan, ko a Maraɗi ko Kano? Kafin nan, don Allah iyayen da suka sha irin wannan, da me kuka fara a gida, cokalin ko suturar?