Daga Abuja zuwa Gwanzu, awa nawa ne a sama?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Takalma da jakunkuna nake sayarwa a Kasuwar Barci da ke Kaduna, kuma wannan ne karo na farko da zan je Caina saro kaya da kaina. Tikitina ya nuna zan tashi daga Abuja ƙarfe 1:30 na rana, in sauka Gwanzu ƙarfe 4 na yammar washegari. Na ƙirga da yatsu, awa 26 da rabi! Ina da ciwon gwiwa, ko zaman motar Kano sai na ji a jikina. Wallahi tun jiya ban yi barcin kirki ba. In fasa ne, in ci gaba da aika saƙo?

Wani Alhaji daga Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kwantar da hankalinki, agogo ne ya ruɗe ki. Caina ta riga mu da awa 7, ƙarfe 4 na yammarsu ƙarfe 9 na safe ne a Kaduna. Kin ga tafiyar ta dawo awa 19 da rabi, kuma ba duka a sama za ki yi su ba. In ta Habasha za ki bi, Abuja zuwa Adis Ababa kusan kilomita 3,500 ne, awa 4 da rabi zuwa 5. Ki sauka, ki miƙe ƙafa, ki jira. Doguwar ita ce Adis zuwa Gwanzu, kilomita 8,000 da 'yan kai, awa 10 zuwa 11, mafi yawanta kuma cikin dare. A dawowa takan ɗan ƙaru, saboda jirgi yana fuskantar iska idan ya nufo yamma.

Wata 'yar kasuwa daga Unguwar Rimi:
Yaya, kada ki fasa. Ni zuwana na farko kujerar taga na zaɓa don kallo, da muka sauka takalmina ya ƙi shiga saboda kumburi, a hannu na riƙo shi har wajen duba fasfo. Ki roƙi kujerar bakin hanya tun wajen auna kaya, ki riƙa tashi kina ɗan zagayawa, ki sha ruwa sosai. Maganinki ya kasance a jakar hannu. Kafin tafiya kuma ki ga likita kan gwiwar nan.

Wani malami daga Rigasa:
Sallah dai matafiyi yana da sauƙi, ki yi ƙasaru, ki haɗa Azahar da La'asar, Magariba da Isha'i. Shawarata ki bi jirgin ƙasa zuwa Idu tun ana gobe tafiya, ki kwana Abuja.

Mai tambaya:
Alhamdu lillah, na samu natsuwa. Allah ya saka da alheri. Ƙanwata ta Unguwar Rimi, safar nan mai matse ƙafa da ake faɗa, ana samunta a Kaduna?