Kuɗin da 'yan uwanmu ke turowa daga waje, ina suke shiga ne?

Ɗan Argungu:
Salamu alaikum jama'a. Yayana shekara huɗu kenan yana ɗinki a Jidda, kusan duk wata sai ya turo, amma in ka shigo gidanmu ba abin da za ka nuna ka ce ga shi nan. Buhun shinkafa, kuɗin makarantar yara, maganin hawan jini na Inna, biki ya taso a yi gudummawa, shikenan sun narke. Ga shi ana cewa Najeriya na samun wajen dala biliyan 20 a shekara daga masu zama waje. To ina ci gaban? ko mu ne ba mu iya ba?

Maman Yara Jega:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, maganin Innar taka fa ba ɓarna ba ne. Da ba ya turowa da yanzu kun sayar da gona ko akuya. Kuɗin da suka hana ka cin bashi ai sun yi aiki, ba sai ka ga bene ba.

Mai Albasa Aliero:
Hajiya gaskiya ne, amma bari in faɗi nawa. Ƙanena na Kumasi, can baya muka yi da shi ya daina turo ɗan kaɗan-kaɗan, ya tara na wata biyar ya turo lokaci guda, muka sayi injin ban ruwa da taki muka shiga fadama da rani, wallahi albasar da muka ɗebe ta biya injin har da saura. Kuɗin wata-wata tukunya ke cinye su, na dunƙule su ke zama jari. Kuma waccan biliyan 20 ɗin ta banki ce kawai, mu nan yawanci ta hannun 'yan canji ake yi, ya ba mutum can, kai a kira ka ka je POS ka karɓa, wa ya ƙirga wannan? Ka tuna a 2021 har CBN, wato babban bankin ƙasa, ta riƙa ƙara naira 5 kan kowace dala don mutane su bi ta banki, ai ba banza ta yi ba.

Baban Kamba:
Ku dai kuna ta lissafi kun manta amana. Na yi shekara uku a Libiya ina leburanci, ina turo wa wani ɗan uwa kuɗin gini, yana turo min hoton bulo a WhatsApp, ashe bulon maƙwabci ne. Da na dawo ciyawa na tarar a filin har ƙugu. Ga kamfanonin tura kuɗi ma suna yankar nasu, zuwa ƙasashenmu na Afirka caji ya fi na ko'ina tsada.

Ɗan Argungu:
Subhanallahi, Allah ya mayar da alheri Baba. Mai Albasa don Allah injin naku mai fetur ne ko na sola? zan yi wa Yaya maganar daren nan kafin ruwa ya janye daga fadama.