HMO (kamfanin da ke biyan asibiti kuɗin masu inshorar lafiya) tana ta dawo mana da takardun neman biya, daga ina zan fara gyara?

Akawu_Jos:
Salamu alaikum. Ni ke riƙe da lissafin wani ƙaramin asibitin kuɗi a Nasarawa Gwong, muna duba masu inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) da ta jihar Filato (PLASCHEMA). Kuɗin da ake turowa wata-wata bisa yawan waɗanda suka yi rajista da mu ba shi da rigima. Inda gizo ke saƙa shi ne takardun neman biyan aikin da muka yi, kullum sai an dawo da wasu. A wani taron bita an raba mana ƙa'idoji: bayani ya cika, ya zo kan lokaci, kada ya saɓa wa juna, kada a maimaita. Duk gaskiya ne, amma ka ce don asibitin da ke da kwamfuta a kowane ɗaki aka rubuta su. Mu kati da biro ne. Wacce zan fara kamawa?

Hajiyar_Kati (Abuja):
Wa alaikumus salam, Malam. Fara daga teburin yankar kati, can ɓarnar take. Mutum ɗaya yau a rubuta shi Muhammad, gobe Mohammed, jibi Muh'd, ya tashi da fayil uku. A kwafi suna da lamba daga katin inshorarsa harafi bayan harafi, ba daga bakinsa ba, sannan a duba ko yana cikin jerin sunayen wannan watan.

Likitan_Dare:
Hajiya, mu ma da namu laifin. Likita ya rubuta zazzaɓin cizon sauro, B54 a tsarin lambobin cututtuka na ICD-10, amma a jerin magunguna ga amlodipine, maganin hawan jini, an manta da lambar cutar, I10. Mai tantancewa a HMO ba zai tsaya yi maka hasashe ba, soke maganin zai yi. Haka in aka yi aikin mataki na biyu (wanda ya wuce kulawar farko) ba lambar izini daga HMO.

Mai_Odita:
Malam Akawu, ajiye takardar bitar tukuna. Kwaso waɗanda aka dawo da su na wata uku, ka kasa su bisa dalilin da aka rubuta. Kashin da ya fi tsayi shi zai nuna maka ƙa'idar da ta shafe ka. Kuma don Allah a daina tura hoton katin mara lafiya a guruf ɗin WhatsApp wai ana neman lambar izini, akwai dokar kare bayanan sirri ta 2023.

Akawu_Jos:
Na gode, Allah ya saka. Na fara kasa su, kashin lambar izini ne ke gaba. To in mara lafiya ya zo da tsakar dare, an kira layin HMO ba a ɗauka ba, me kuke rubutawa a gurbin?