Ƙullutun ya ɓace bayan allurar kemo, shin tiyata ta zama dole har yanzu?

'Yar Tudun Wada ta rubuta:
Assalamu alaikum. An gano mahaifiyata tana da sankarar mama, kuma likitoci suka ce za a fara yi mata allurar kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) zagaye 8 kafin a yi tiyata. Yanzu an yi zagaye 6, ƙullutun da muke ji da hannu ya ɓace, kaluluwar hammatarta ma ta sauka. 'Yan uwa sun fara cewa ta warke, don haka a bar maganar tiyata. Don Allah ta yaya likitoci ke tabbatar da cewa maganin ya yi aiki, kuma me ya sa suke nan a kan bakansu?

Likitan Tiyata ya amsa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya. Abin da kuka gani alama ce mai kyau, amma hannu shi ne mafi raunin ma'aunan da muke da su. Muna taɓa wurin a kowane zagaye, sannan mu ɗauki hoton sikanin ko na mamogiram (hoton X-ray na mama), kuma inda ake da hali a yi hoton MRI, wanda ya fi sauran nuna abin da ya rage. A ƙa'idar da ake kira RECIST, idan faɗin ƙullutun ya ragu da kashi 30 cikin 100 ko fiye, an samu sauƙi; idan ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, maganin bai karɓe ta ba, sai a canza shi ko a gaggauta tiyata.

Matsalar ita ce sankara ba kullum take ƙanƙancewa wuri guda ba. Wani lokaci tana tarwatsewa ta bar ƙananan ɓurɓushi a warwatse cikin naman, waɗanda hannu ba ya ji, hoto ma yakan kasa gani. Akasin haka ma yana faruwa, hoto ya nuna saura alhali tabo ne kawai. Saboda haka ne ake son dasa ɗan ƙaramin ƙarfe a tsakiyar ƙullutun tun kafin a fara magani, domin likita ya san inda zai yanka ko da ƙullutun ya ɓace. Ki tambayi likitanta ko an sa mata.

Mai Nazarin Nama ta ƙara da cewa:
Hukunci na ƙarshe a ɗakin gwajinmu ake yanke shi, bayan an cire naman an duba shi a ƙarƙashin madubin likita. Idan ba a sami sankara mai kutsawa ba a maman da kuma kaluluwar hammata, shi ne cikakken karɓar magani, kuma hakan ya fi faruwa ga masu nau'in HER2 (sankarar da ke ɗauke da wani sinadari mai suna HER2 da yawa) da masu nau'in da gwaje-gwajensa uku, wato na HER2 da na sinadaran jikin mace guda biyu, duk suka fito babu. Nau'in da sinadaran jikin mace ke ciyarwa ba kasafai yake ɓacewa gaba ɗaya ba, kuma wannan ba ya nufin an yi asara. Idan an sami saura, akwai ma'aunin RCB da aka samar a asibitin MD Anderson na Amurka, wanda ke auna yawansa daga mataki na 0 zuwa na 3. Sakamakon ne ke nuna abin da za a yi gaba: binciken CREATE-X da aka yi a Japan da Koriya ta Kudu, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa ƙwayar kemo mai suna capecitabine bayan tiyata tana amfanar waɗanda aka sami saura a jikinsu kuma nau'insu ba HER2 ba ne. Wadda ta ƙi tiyata ta rasa wannan bayanin gaba ɗaya.

'Yar Tudun Wada ta sake rubutawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bayan zagaye na ƙarshe, tsawon wane lokaci ake jira?

Likitan Tiyata ya amsa:
Yawanci mako 3 zuwa 6, gwargwadon yadda jininta ya farfaɗo. Kada ku bari lokacin ya yi nisa fiye da haka ba tare da shawarar likitanta ba, kuma ki tabbatar an kai naman ɗakin gwaji kin karɓi takardar sakamakon, domin da ita za a tsara gasa wurin da na'ura (radiotherapy) da sauran magunguna.