Muhawara: Shin fim ɗin Mavka ya bar wasu 'yan Yukren a waje?

Likita: Assalamu alaikum. Jiya na kalli Mavka tare da yarana, wato fim ɗin zane da kamfanin Animagrad na Yukren ya fitar a watan Maris na 2023, mai ba da labarin aljanar daji mai suna Mavka da ta kamu da son Lukash, saurayi mai busa sarewa. Yaran sun ji daɗi, amma ni hankalina bai kwanta ba. Shekara shida na yi ina karatu a birnin Kharkiv na Yukren, na zauna da Tatar na Kirimiya, da Yahudawa, da baƙaƙen fata haifaffun ƙasar, kuma ban ga mai kama da su a fim ɗin ba. Zhan Beleniuk, wanda mahaifinsa ɗan Ruwanda ne, ya ciyo wa Yukren zinare a kokawa a gasar Olamfik ta Tokyo, kuma ɗan majalisa ne tun 2019. A ganina, fim ɗin da aka kai wa duniya a matsayin fuskar ƙasar ya gaza wajen wakilci.

Malamar Adabi: Wa alaikumus salam, Likita. Ina ganin ka auna fim ɗin da mudun da ba nasa ba. Tushensa wasan kwaikwayo ne da marubuciyar Yukren Lesya Ukrainka ta rubuta a 1911 a garin Kutaisi na Jojiya, tana fama da jinya, tana kewar dazuzzukan yankin Volin na Yukren inda ta ji tatsuniyoyin nan tun tana yarinya. Ta yi rubutu da harshen Yukren, wanda dokar Ems ta 1876 ta hana a buga littattafai da shi a daular Rasha. Saboda haka manomi ɗan Yukren irin Lukash, mai riga da aikin allura a wuya, wanda ke busa sarewar da suke kira sopilka, shi ne wanda aka daɗe ana dannewa, kuma fitowarsa a majigi shekara ɗaya bayan mamayar da Rasha ta kai wa Yukren a 2022 ita kanta wakilci ce.

Ɗalibin Fim: Malama, a gafarce ni, amma hujjar riƙe asali ba za ta tsaya ba, domin masu fim ɗin da kansu ba su riƙe shi ba. A wasan Lesya, Kilina bazawara ce 'yar ƙauye wadda Lukash ya aura, Mavka ta rikiɗe ta zama itace, gida ya ƙone, Lukash ya ƙare zaune cikin dusar ƙanƙara. A fim kuwa Kilina attajira ce mai neman sirrin dajin don kada ta tsufa, kuma an rufe labarin da farin ciki. Wanda ya iya sauya wannan duka ba zai ce hannunsa a ɗaure yake ba. Ban da haka, Volin ta wancan zamani cike take da Yahudawa da 'yan Foland da baƙin manoma 'yan Cek da Jamusawa.

Malamar Adabi: Wannan batu na biyu na karɓe shi, ɗana. Da an nuna ɗan kasuwa Bayahude daga garin Kovel na Volin a ranar cin kasuwa, da tarihi ya goyi bayansa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cusa fuska ɗaya don a rufe bakin masu suka, ba tare da an ba ta suna ko labari ba. Tatar na Kirimiya, waɗanda aka kwashe daga ƙasarsu a watan Mayu na 1944, suna da tatsuniyoyinsu, kuma sun cancanci fim nasu sukutum.

Likita: Na fahimce ki, Malama, amma bari in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A ƙarshen Fabrairun 2022, a farkon mamayar, na tsaya a tashar jirgin ƙasa cikin sanyi, jakata ɗaya a hannu, aka ce mu 'yan Afirka mu koma baya. A daren nan kuma wata tsohuwa 'yar ƙasar ta raba burodinta biyu ta miƙo mini rabi. Mutanen nan biyu duka 'yan Yukren ne, kuma na yi imani abin da yaro ya saba gani a majigi yana da hannu wajen wanda zai zama a cikinsu. Fim na musamman da kike faɗa ina maraba da shi, sai dai Mavka ne yaran Kharkiv suka riga suka kalla.