Gawayi a ɗaki yana sa mana ciwon kai, ya zan yi da sanyin nan?

Salam jama'a, dan Allah ku taimaka min. Ina Gusau, taransifomar unguwarmu ta ƙone yau kwana 12 ba wuta, ga hunturun bana da asuba ko ruwan alwala ba ka iya taɓawa. Hita da hotfilet duk sun zama kayan ado, girki mun koma kurfoti a tsakar gida, wannan ba damuwa.

Matsalar dare ce. Idan an gama tuwo sai maman yara ta shigo da sauran garwashin ɗaki mu rufe ƙofa, sau biyu ke nan muna tashi da ciwon kai da jiri, shekaranjiya ƙaramar har amai ta yi, wallahi na tsorata. Na gwada barin gawayin ya ruru a waje sai hayaƙi ya ƙare, duk da haka kan ya yi nauyi. Na buɗe taga kaɗan sai ƙura da iska suka shigo babban ya kwana tari. Yanzu na daina gaba ɗaya, bargo biyu da suwaita ne kawai amma ƙasan siminti ne sanyi na ratsa katifa.

Wace hanya ce zan ɗumama yaran har safe ba tare da garwashi a ɗaki ba?