Shin garkuwar jiki za ta iya kawar da ciwon hanta nau'in B?

Baban Amira:
Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina shan tenofovir kullum saboda ciwon hanta nau'in B. Gwaji ya nuna ƙwayar cutar ta ragu har ba a ganinta a jini, amma likita ya ce kada in kuskura in daina. Na ji ana maganar magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi cutar da kanta. Ina neman ƙarin haske.

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam, Malam. Tenofovir da takwaransa entecavir suna hana bairos ɗin hayayyafa ne kawai, ba sa taɓa tushensa da ke ɓoye cikin ƙwayoyin hanta, wanda ake kira cccDNA, shi ya sa idan aka ajiye magani cutar kan farfaɗo, wani lokaci da kumburin hanta mai tsanani. Garkuwa kuwa tana da ƙarfin yin aikin, domin kusan kashi 95 cikin 100 na manyan da suka kamu suna warkewa da kansu, alhali jariran da suka kamu yayin haihuwa kusan kashi 90 ne ke zama da cutar. A jikin wanda ta daɗe, ƙwayoyin T, wato wani nau'in fararen ƙwayoyin jini na garkuwa, da ya kamata su farauto bairos ɗin sun riga sun galabaita.

Umman Yara:
Ni an yi mini allurar peginterferon, mai zaburar da garkuwar jiki, sau ɗaya a mako har tsawon mako 48. Daren da aka yi allurar nakan kwana cikin zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon gaɓɓai, ga kasala da ɓacin rai marar dalili, kuma ana yawan auna jinina saboda fararen ƙwayoyin jini kan sauka. Amfaninta shi ne tana da ranar da ake gama ta. Sai dai HBsAg, wato furotin na jikin bairos ɗin da ake aunawa a jini, bai ɓace daga jinina ba, kuma 'yan kaɗan ne yake ɓace musu. Ba a yi wa mai juna biyu ko wanda hantarsa ta riga ta gaza.

Ɗalibin Likitanci:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Sababbin hanyoyin, wato rigakafin da ake yi wa wanda ya riga ya kamu da kuma magungunan toshe PD-1 (wani furotin da ke taka wa ƙwayoyin T birki) irin su nivolumab da ake amfani da su a ciwon daji, duk suna matakin gwaji. Fargabar ita ce garkuwar da aka farkar ta afka wa hantar kanta. A ganina, Malam, ka nemi a riƙa auna yawan HBsAg ɗinka, domin da shi likita zai duba ko peginterferon ya dace da kai.